Don Allah a taimaka: P da F sun ƙi rabuwa a bakina, ga yara suna koyi da ni

Malamar aji huɗu, Jega:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina leƙowa nan ina karanta tambayoyin mutane, ban taɓa tofa albarkacin bakina ba sai yau da abin ya zo kaina.

Ni malama ce a wata makarantar firamare mai zaman kanta a nan Jega, aji huɗu nake riƙe da shi, yara 38. Ina da NCE, amma ba Turanci na karanta ba, Hausa da ilimin zamantakewa na haɗa. Sai dai duk wanda ya san ƙananan makarantu irin tamu ya san malamar aji ita ce komai. Lissafi nata, kimiyya tata, Turanci ma nata.

Ranar Talatar da ta wuce, bayan an tashi, mahaifin wata yarinya ya tsaya ya ce yana son magana da ni. Wallahi bai ci mini mutunci ba, har haƙuri ya ba ni kafin ya fara. Ya ce 'yarsa ta koma gida tana cewa "fencil" da "farents", da ya gyara mata sai ta ce a'a, haka Anti take faɗa, kuma Anti ba ta kuskure. Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Da dare bayan yarana sun kwanta na ɗauki waya na naɗi muryata ina karanta shafi ɗaya na littafin aji, sannan na saurara. Mutumin yana da gaskiya. "Paper" ta fito "fefa", "people" ta fito "fiful". Da na sake naɗa ina taka-tsantsan sai abin ya juye, na ji kaina ina cewa "pish" da "pamily". Na rasa ta inda zan kama.

Tunda na riga na buɗe ciki, bari in zube sauran. Kwanakin baya na rubuta "Please borrow me your ruler" a allo, a matsayin misalin roƙo cikin ladabi. Wata abokiyar aikina ta ja ni gefe ta ce "lend" ake cewa. Na karɓa na goge, amma ba ta iya gaya mini dalili ba, ni kuwa abin da ban san dalilinsa ba ba ya zama a kaina.

Sai kuma haruffan nan da ake rubutawa ba a furtawa. Shekara da shekaru ina furta "b" ɗin "debt" da "t" ɗin "listen", sai kwanan nan na ji ba a yi. Akwai ƙa'ida ne, ko kowace kalma sai an haddace ta ita kaɗai? Mu dai a Hausa abin da ka rubuta shi kake karantawa.

Tambayar da ta fi ci mini rai ita ce wannan: shekaruna 31, 'ya'yana uku. Harshen da ya riga ya ƙosa yana gyaruwa kuwa? Ko in je in gaya wa mai makarantar ya nemo wani ya karɓi Turancin, kada in ɓata bakin 'ya'yan mutane? Albashin bai taka kara ya karya ba, amma ba shi ne damuwata ba. Amanar nake tsoro.

Tsohon malamin Turanci, Argungu:

Wa alaikis salam wa rahmatullah, ɗiyata. Kada ki kai wa mai makaranta wannan magana. Malamar da za ta naɗi muryarta da tsakar dare don ta ji kuskurenta da kunnenta, irinta ake nema a aji. Na yi shekara 35 ina koyar da Turanci a sakandare kafin in ajiye alli, kuma ni ma da "fefa" na fara.

Ki fara da sanin inda abin ya samo asali, don ki daina ganin laifin bakinki. Hausa ba ta da P. F ɗin da muke rubutawa ma ba irin ta Bature ba ce. Ki ce "fari" a hankali ki lura: leɓɓa biyu ne suke matsowa kusa da juna, iska ta bi ta tsakaninsu, haƙori bai taɓa komai ba. Wannan sauti a tsakiya yake, bai kai P ba, bai zama F ba. Shi ya sa in kin nufi P sai a ji F, in kin nufi F kuma a ji kamar P. Mu nan ƙasar Kabi da Sakkwato da Zamfara ma tafiyar ta fi nisa, domin a bakin iyayenmu "tahi" ake cewa, da "hita", da "hwari". Yawancin kalmomin da muka aro masu P kuwa tun zamanin Turawa muka mayar da ita F: fensir, famfo, fenti, fasinja, fasfo, har firamaren da kike koyarwa. To yaron da ya tashi yana cewa fensir a gida, me zai hana shi cewa "fencil" a aji? Ko ba ke ba zai faɗa.

Maganin kuwa yana hannunki tun kina Islamiyya. In kin yi tajwidi, ki tuna mafitar harafin ف: cikin leɓen ƙasa ya taɓa bakin haƙoran gaba na sama. To ita ce F ta Turanci, ba ragi ba ƙari. Yadda kike furta ta a "falaƙ" in kina biya karatu a gaban malam, haka za ki furta ta a "fish" da "family". Na yi shekaru ina fama da yara kafin in gane haka, kuma ranar da na fara faɗa musu, rabin aji suka kama nan take. V ma wurinsu ɗaya da F, sai dai ita maƙogwaro yana kaɗawa. Ki ɗora yatsa a wuya ki ja "fff" sannan "vvv", za ki ji bambancin a yatsanki. In kin kama wannan, "very" ta daina zama "bery".

Ba ki tambayi "th" ba, amma na san tana nan tana jiranki, kuma maganinsu ɗaya. Ta "think" da "three" ita ce ث, ta "this" da "mother" ita ce ذ, kan harshe ya ɗan leƙo tsakanin haƙora. Muna mayar da su S da Z ne don haka muka yi wa Larabci ma tun da can: hadisi, Usman, sulusi, zikiri. Wanda ya iya gyara su a karatun Alƙur'ani ya riga ya iya su a Turanci, bai dai sani ba ne.

P ce kaɗai tajwidi ba zai ba ki ba, don Larabci ma ba shi da ita. Ki rufe leɓɓa ruf kamar za ki ce "ba", ki tara iska, ki sake ta ta fashe, amma kada maƙogwaro ya kaɗa. Ki yagi 'yar takarda ki riƙe a gaban baki. In kin ce "pan" daidai takardar za ta yi tsalle lokaci ɗaya, in "fan" ce za ta ɗan kwanta ne a hankali. Ki tsaya gaban madubi kuma: a F dole ki ga haƙoranki, a P dole su ɓuya. Kullum bayan sallar asuba minti goma, da kalmomi bibbiyu: "pan" da "fan", "pull" da "full", "past" da "fast", "pile" da "file", "copy" da "coffee". Kada ki fara da jimla mai tsawo, a nan ne "pish" take fitowa, don hankali ya rabu biyu. Kuma kada ki yi a ɓoye ke kaɗai. Ki raba wa yaran takardu ku yi tare, ki gaya musu F ta haƙori ce, P ta leɓe. Yara suna son wannan wasa ƙwarai.

Batun shekaru, gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma na ga dattawa masu furfura a masallacin unguwarmu sun gyara karatunsu bayan sun haura hamsin, sun raba ذ da ز bayan sun yi shekara arba'in suna haɗa su. Ba zan yi miki alkawarin ƙarya ba. In kina karatu a natse za ki ga sauyi cikin makonni kaɗan. In kina sauri ko ranki ya ɓaci, tsohon bakin zai riƙa dawowa har tsawon lokaci. Nawa ma yana dawowa in na gaji.

Sai "borrow" da "lend". Mu kalma ɗaya muke juyawa: na ari littafinsa, na ara masa littafina. Tushen ɗaya ne, ƙarshen kalmar da "masa" su ne suke nuna wa ya bayar, wa ya karɓa. Bature kuwa kalma biyu ya ware, "lend" ta mai bayarwa, "borrow" ta mai karɓa, kamar yadda ya ware "sell" da "buy" inda mu muke da saya da sayarwa. Don haka "ara mini" ita ce "lend me". In kina son "borrow" sai ki juya maganar ta dawo kanki: "May I borrow your ruler?" Ana "borrow" ne "from" wani, ana "lend" ne "to" wani. Wannan rami ɗaya ne da na "koya mini", inda yara suke cewa "learn me" maimakon "teach me".

In kin zo koyar da shi, ki ƙara musu da wannan don kada su ɗauka Hausa ce ta gaza. Mu ma muna da rabe-raben da Turanci ba shi da shi. Aro daban, rance daban. Tabarma da tukunya ake aro, su ɗin za a mayar. Gero da kuɗi ake rance, madadinsu ake biya. A Turanci duka "borrow" ne.

Idona ya fara gajiya da wayar nan. Zan dawo kan haruffan da ba a furtawa bayan la'asar, in Allah ya yarda.

Mai albasa, Aliero:

Salamu alaikum Malama, Baba barka da hutawa. Ni ba malami ba ne, albasa nika kaiwa Anaca da kasuwar Mile 12 ta Legas, yau shekara goma sha. Firamare kaɗai na gama, sauran Turancin a bakin mota na tsince shi. Amma ina da abin hwaɗi kan wagga magana.

P da F ba su taɓa ci mini ko kwabo ba. In na ce "frice" kowa ya san kuɗi nika nuhi. Abin da yac ci mini kuɗi lamba ce. Wata shekara wani mai saye ya kira ni a waya yac ce in turo mai buhu "fifteen", ni kuwa "fifty" naj ji. Munka loda hamsin, mota ta tahi. Da ta isa yac ce shi sha biyar yab biɗa, kuma shi ke da gaskiya. Albasa kuwa ba ta jiran mai ita, ga zahin kudu da laima. Sauran buhu 35 ɗin dole anka karyar da su. Ban manta wannan asara ba har yau.

Daga baya ɗana da ke sakandare yan nuna mini inda bambancin yake. A "fifteen" ƙarshen kalma aka dannawa a ja shi, a "fifty" kuwa farkon aka dannawa, ƙarshen ya hwaɗi gajere. Haka "thirteen" da "thirty", har zuwa "nineteen" da "ninety". Duk da haka ni yanzu ban yarda da kunne kaɗai ba. In anka ce lamba sai in maimaita, "one five" ko "five zero", kuma in ce a turo a rubuce.

Don haka Malama, ki gyara P ɗin, ya kamata, amma don Allah ki koya ma yaran nan lambobi da kyau, yawancinsu kasuwa za su shiga. Kuma kar ki bar ajin. Ɗiyana biyu suna makarantar kuɗi, kuma da na san malamarsu tana damuwa kamar yadda kin damu, da hankalina ya kwanta.

Ma'aikaciyar jinya, Gusau:

Ƙanwata sannu da ƙoƙari. Baba, Allah ya ƙara lafiya, batun tajwidin nan ban taɓa jin sa a bakin kowa ba, kuma tun da na karanta nake ta gwadawa a ɗakin hutu. Alhaji mai albasa, Allah ya mayar da alheri, mu ma a wurin aiki lambar magani maimaita ta muke yi ɗaya bayan ɗaya saboda irin wannan.

Ni abin da zan ƙara shi ne wanda ya fi wahalar da ni, kuma ba furuci ba ne. Da na fara aiki na rubuta a takardar miƙa aiki, "I have seen the patient yesterday." Wata babba a cikinmu ta ja layi a ƙarƙashin "have". Na yi kwana da kwanaki ban gane laifinta ba, domin a Hausa "na gan shi" guda ce, ko jiya ne ko yanzun nan. Turanci ya raba ta biyu. In kin ambaci lokacin da ya riga ya shuɗe, jiya ko bara ko ƙarfe uku, "I saw him" za ki ce, ba "have". In ba ki ambaci lokaci ba, kina nufin dai an riga an yi kuma abin yana nan, sai ki ce "I have seen him." Haka "tun safe nake nan" ba "I am here since morning" ba ce, "I have been here since morning" ce. Sau da yawa in kin ji "tun" a zuciyarki, ki nemi "have been".

Sai "ina". Da yake muna cewa ina da, ina ji, ina so, sai mu ɗauka duka "I am" ne da "ing". Daga nan ake samun "I am having three children" da "I am understanding you", alhali "I have" da "I understand" kawai ake cewa. "Ji" ma ita kaɗai tana ɗauke da kaya da yawa: muna jin magana, muna jin wari, muna jin zafi, muna jin Turanci. A can kowanne da kalmarsa, "hear", "smell", "feel", "understand". Magani kuma "take" ake yi, ko da mu sha muke yi. Akwai kuma kalmomin da ba a sa musu "s" ko sun kai nawa: "equipment", "advice", "information", "furniture". Ki ɗauke su kamar ruwa ko gishiri, ba a ƙirga su sai da mudu, shi ya sa ake cewa "a piece of advice".

Amma akwai inda nake so ki tsaya, kada gyara ya kai ki ga raina kanki. Ina aiki da mutane daga ko'ina a ƙasar nan. Wata "tree" take cewa in tana nufin "three", wani "dis" da "dat", wani H ce take ɓace masa a farkon kalma. Kowa harshen uwarsa ya bar masa tambari, kuma duk muna fahimtar juna muna ceton rai tare. Abin da yake ƙona mini rai shi ne namu tambarin aka fi mayarwa abin dariya, har yaranmu suna jin tsoron buɗe baki a taro. Na san 'yan mata masu ƙwaƙwalwa da suka yi shiru a gaban masu ɗaukar aiki saboda tsoron P, suka rasa gurbin da suka fi kowa cancanta.

Kuma ba duk abin da ya bambanta da na Ingila ne kuskure ba. In na ga mara lafiya yana nishi na ce masa "sorry", sannu nake nufi, kuma ya gane. In na wuce masu shara na ce "well done", sannu da aiki ce. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, har da "okada" da "next tomorrow" da "Kannywood" tamu. Ni ba zan daina cewa "sorry" ba don Bature bai san ta da wannan ma'ana ba.

Tsohon malamin Turanci, Argungu:

Na dawo. 'Yata ta Gusau, na yarda da ke a kan "sorry" da "well done", ni ma ina faɗarsu, kuma ladabinmu ne ya shiga cikin harshen. Inda zan ja hankali kawai shi ne yaran nan za su zauna WAEC da NECO, kuma mai maki da ma'aunin Ingila yake dubawa. Yaro ya san wannan ta gida ce, waccan ta takarda ce. In ya rubuta "next tomorrow" a insha'i, jan biro zai hau kanta, ko tana cikin ƙamus.

To ɗiyata, haruffan da ba a furtawa. Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai wajen 44, tun daga nan riga ta yi wa mai ita kaɗan. Sannan rubutunsa ya tsaya cik tun da daɗewa, baki kuwa ya ci gaba da tafiya. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, daga nan rubutun kalmomi ya fara daskarewa. A wancan zamani ana furta K ɗin "knife" da "knee", daga baya ta faɗi daga baki ta zauna a takarda. "Gh" ɗin "night" ma a da sauti ne na gaske, mai ɗan kama da خ. "Debt" da "doubt" kuwa labarinsu daban. Daga Faransanci suka shigo, bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma ba su da B. Masana ne daga baya suka cusa ta don su nuna asalin kalmar a Latin. Ke nan B ɗin da kike furtawa, Turawan ma ba su taɓa furta ta ba.

Akwai 'yan ƙa'idoji da za su rage miki hadda. K kafin N a farkon kalma shiru take, W kafin R ma haka, kamar "write" da "wrong". B bayan M a ƙarshen kalma ba a furta ta: "comb", "lamb", "climb", "thumb", kuma "plumber" da "climber" sun bi iyayensu. Amma ki kula, a "number" da "member" ana furta ta sarai. T tana ɓacewa a "listen", "fasten", "castle", "whistle". L tana ɓacewa a "walk", "talk", "chalk", "half". H kuwa a "hour", "honest", "honour" da "heir". Abin da ya saura sai kunne. Ki sa ƙamus mai murya a wayarki, duk sabuwar kalma ki saurare ta kafin ki kai ta aji. Wannan fa ba ado ba ne, jarrabawar furuci ta WAEC da NECO, wadda a takarda ake yin ta, irin waɗannan take tambaya.

Akwai abin da yake faranta mini rai a nan, kuma nakan gaya wa ɗalibaina. Kakanninmu da suka ji Turanci da kunne a bariki, ba su taɓa ganin rubutunsa ba, sun fi mu kama shi daidai. Suka ce kabad, kuma haka ake furta "cupboard", P ɗin shiru. Suka ce hankici, D ɗin "handkerchief" ba ta fita. Suka ce rasit, babu P ɗin "receipt". Kanar ta fi kusa da yadda ake furta "colonel" nesa ba kusa ba a kan yadda ɗan boko yake karanta ta daga takarda, haka laftanar da "lieutenant" a bakin mutanen Ingila. Mu da muka fara da ido ne rubutu ya yaudara.

Kin ce a Hausa abin da aka rubuta shi ake karantawa. Kusan haka ne, amma ba duka ba. Ki rubuta garin da ake zama da garin da ake tuwo, ki ga ko akwai bambanci a takarda. Bakinki ne ya san na farko gajere ne, na biyu a ja shi. Wannan kunnen da Hausa ta ba ki, ki yi aiki da shi a "ship" da "sheep", "live" da "leave", "full" da "fool". Ba daidai suke da namu ɗari bisa ɗari ba, amma wanda ya iya raba gari da gari ya riga ya yi rabin tafiya.

Malamar aji huɗu, Jega:

Baba, Yaya ta Gusau, Alhaji, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabata. Na yi shiru kwana tara ne don ina so in gwada kafin in dawo.

Ranar Litinin na shiga aji na gaya wa yaran gaskiya, cewa akwai kalmomin da nake faɗa ba daidai ba, kuma yau tare za mu gyara. Gabana ya faɗi kafin in faɗa, amma ba wanda ya yi dariya. Na yayyaga tsohuwar takardar jarrabawa na raba musu. Baba, da kun ga ajin nan, takardu 38 suna tsalle, har malamin aji biyar ya leƙo ya ga me ake yi. Da na ce F ita ce ta "falaƙ", wani yaro da ba ya magana a aji, amma ya yi nisa a hadda, shi ya fara fitar da ita tsaf, yanzu shi nake sa wa ya ja sauran. Lambobin Alhaji ma mun yi su ranar Laraba, na mayar da abin ciniki, wannan mai saye wannan mai sayarwa.

Ni kaina "pan" da "fan" sun zauna. Inda nake tuntuɓe har yanzu shi ne in sun haɗu a kalma ɗaya, kamar "perfect" da "profit" da "helpful". Jiya na faɗi "ferfect" a gaban allo, yarinyar nan da mahaifinta ya zo ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, ta leɓe ce." Na ce ta yi daidai, muka maimaita tare sau uku.

Baba, in idonku ya huta, akwai wata. Mako mai zuwa za mu shiga kalmomin da suke ƙarewa da "ed". Ni duka "ed" nake furtawa, amma ƙamus ɗin da na sa a waya yana faɗin "washed" kamar da T ta ƙare, "played" da D, "wanted" kuma ita kaɗai ta fito da "id". Ta yaya zan gane wacce ce wacce kafin ranar Litinin?